Rijiya ta bayar, igiya ta gaza

Wanda ya taɓa yini a bakin rijiyar makiyaya a arewacin Dakoro, wajajen kwarin Tarka ko gaba da nan ta hanyar Bermo, ya san isowa bakin ruwa daban, shan ruwa daban. Rijiyoyin wannan ƙasa zurfi gare su. Akwai mai gaba 30, akwai wadda ta haura 40, in ka leƙa sai duhu ya tare maka ido kafin ka hango ruwan. Hannun mutum ba ya jawo wasaki daga irin wannan nisa. Raƙumi ake ɗaura wa igiyar, ko takarkari, ko jakuna biyu, yaro ya kora su su yi ta tafiya har wasakin ya fito, babba ya cafe shi ya juye a komi, sannan ya ɗaga murya yaron ya juyo. Da bazara haka ake yi tun kafin asuba har bayan isha'i.

Kuma wurin ba a bar shi kara zube ba. Kowace gwafa da ke kafe a bakin rijiyar tana da masu ita. Dangin da suka haƙa su ke da farkon sha. Baƙo in ya iso da garkensa sai ya yi sallama ya nemi izini, a yanka masa lokacin da zai shayar da kwanakin da zai yi kafin ya ƙara gaba, don kada ciyawar kewaye ta ƙare. Dabbar da ake zargin tana da ciwo a ware ta gefe. Dokar ƙasa ma sawun wannan al'ada ta bi: kundin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun ba mazauna wuri fifiko a kan ruwansu, amma ba su ba su ikon rufe shi ga mai wucewa ba. Makiyayi mai hankali ba ya neman a soke wannan tsari. Ya san in babu shi mai ƙarfi ne kaɗai zai sha, rijiyar ma ba za ta daɗe ba.

Sai dai izini ba ya kashe ƙishirwa. Ga mutum ya iso, an karɓe shi hannu bibbiyu, an ce masa bayan azahar gwafar gabas tasa ce. Ya kwance igiyarsa, gaba 25, a rijiya mai gaba 40. Ba wanda ya hana shi, ba kuma wanda zai ce an zalunce shi. Dabbobinsa dai ba su sha ba. Magabata suka ce rijiya ta bayar guga ya hana. A nan gugan ma bai samu isa ga ruwan ba.

Halin da ɗan Dakoro ke shiga ke nan in ya ci bak, jarrabawar kammala sakandare, ya duƙufa kan salula yana karanta sanarwar wata gidauniya mai ba da tallafin karatun jami'a. Layin farko kullum da daɗin ji: ana neman haziƙan ƴaƴan talakawa daga Afirka, musamman na karkara, musamman mata. Yaro ya ga kansa a kowace kalma. Sai ya gangara ƙasa inda aka jera sharuɗɗa, jikinsa ya fara sanyi tun bai kai rabi ba.

Ya kamata a san ko wane ne wannan yaron. A Nijar, cikin matasa 100 da suka isa shiga jami'a, waɗanda ke ciki ba su kai 5 ba. Ita kanta jarrabawar bak, a shekarun baya-bayan nan mutum ɗaya cikin uku ko cikin huɗu ke tsallake ta. Wanda ya taso daga wani ƙauyen Kornaka ko Birnin Lalle ko Azagor har ya riƙe wannan takarda ya riga ya sha tankaɗe da rairaya. Firamarensa wataƙila a ajin zana ya yi ta, wanda ba a shiga sai an gama girbi an samu karan kafa shi. Ya bar gaban iyayensa yana ɗan shekara 13 ko 14 saboda kwaleji, ya zauna gidan kawu ko aminin babansa a cikin gari, yana cika randunan gidan kafin ya wuce aji. Da yawa daga masu rubuta bak a ƴan shekarun nan an haife su ne daf da yunwar 2005 ko a tsakiyarta, shekarar da likitocin MSF suka buɗe cibiyar jinyar yara masu tamowa a Dakoro. Suna ƙanana kuma farin 2010 ya share dabbobin iyayen wasunsu a can arewa wajen Gadabeji. In ana neman wanda ya nuna juriya da ƙwazo, ga shi nan tsaye.

Ba na cikin masu cewa sharaɗi mugunta ne. Kuɗin gidauniya yana da iyaka, masu nema kuwa dubbai ne, kuma mai dukiya yana da ikon faɗin irin wanda yake so ta amfana. Rubutaccen sharaɗi ma garkuwar talaka ne. Inda babu shi, tambayar "ɗan wane ne?" ke maye gurbinsa, kowa kuma ya san wanda ke cin ribar wannan tambaya. A ce sai ka ci jarrabawa, sai wata jami'a ta karɓe ka, sai ka yi alkawarin komowa ka yi wa ƙasarku aiki, duk wannan tsarin bakin rijiya ne, ruwan yake karewa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne sharuɗɗan da tsawon igiya kawai suke aunawa. Igiya kuwa a wannan sha'ani gado ce: garin da aka haife ka, ko babanka ya taɓa shiga ofis, ko akwai wani a gidanku da ya riga ka bin hanyar.

A ɗauki shekaru. Karatun boko a Nijar shekara 13 ne kafin bak: 6 a firamare daga CI zuwa CM2, 4 a kwaleji har BEPC, 3 a lise. Ɗan ma'aikaci a Yamai da aka kai makaranta yana da 6 zai gama yana da 19. Ɗan ƙauye sau da yawa sai ya kai 7 ko 8, don akwai makarantun da ba kowace shekara suke ɗaukar sabon aji ba, malami ɗaya ne ko biyu ke riƙe da su. Wanda ya shiga da 8 zai kai bak da 21, shi ma in bai taɓa maimaita aji ba, in babu shekarar da yajin aiki ko ciwo ko ƙaura ta cinye masa, in kuma ya ci bak a zaman farko, abin da mafi yawa ba sa samu. To tallafin gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, wanda yaranmu ke rububi, yana so mai neman digirin farko ya zama bai cika 21 ba. Gidauniyoyi da yawa suna da irin wannan iyaka, wasu su sassauta da shekara biyu ko uku. Hukumar ANAB ta gida, mai raba kuɗin ɗalibai, ita ma tana duba shekaru tare da maki.

Masu wannan sharaɗi suna da hujja. Suna cewa ƙaramin yaro ya fi doguwar hidima a gabansa, kuma gamawa da wuri alama ce ta wanda bai yi tuntuɓe a karatu ba. A Istanbul ko Toronto mai yiwuwa haka ne. A gundumar Dakoro abin da shekarun ɗalibi ke nunawa shi ne nisan gidansu da makaranta ranar da ya isa shiga. Sakamakon kuma kowa ya san shi, ko da ba a cika faɗa ba: rage shekaru a takarda ya zama ruwan dare. Yaron da aka tarbiyyantar da tsoron Allah sai ya tarar ƙofar ilimi ta farko tana neman ya canja ranar haihuwarsa, wanda ya ƙi kuwa shi ke zama a gida. Wannan kaɗai ya isa ya sa masu rubuta sharaɗin su sake dubawa.

Ita takardar haihuwar ma wani babi ce. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2006 ya nuna kusan kashi 32 cikin 100 kacal na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara 5 aka yi wa rajista, a karkara kuma abin ya fi haka ƙasa. Waɗannan yaran su ne samarin yau. Zuwa 2012 adadin ya kai kusan 64, kuma dokar 2019 ta ba iyaye kwana 60 su kai sanarwar haihuwa. Wanda wa'adin ya wuce shi sai ya bi ta gaban alƙali da shaidu. Daga wannan takarda sauran ke tsira: shaidar zama ɗan ƙasa daga kotu, katin shaida, fasfo, takardar rashin laifi wadda wata uku kacal take aiki, da kwafin kowace da tambur da hatimi. Ga kuma rikicin suna. A takardar haihuwa Mahamadou, a ta BEPC Mamane, a ta bak Mahaman. Duk Dakoro an san mutum ɗaya ne. Kwamfutar da ke tace dosiye a wata nahiya ba ta sani ba, kuma ba ta aiko maka da dalilin da ya sa ta ajiye naka.

Misalin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne na Ashinaga, gidauniyar ƙasar Japan da Tamai Yoshiomi ya assasa bayan mahaifiyarsa ta rasu sanadin haɗarin mota. Tun 2014 take da shiri na musamman don marayun Afirka kudu da Sahara, har da na ƙasashe masu Faransanci, tana kai su jami'o'in waje ta ɗauki nauyinsu. Niyya ce mai kyau, mu da addininmu ya girmama maraya mun fi kowa sanin darajarta. Amma dole mai nema ya kawo takardar hukuma da ke shaida rasuwar uba ko uwa. Gidauniyar ba ta da laifi, in ba ta nemi shaida ba masu iyaye a raye za su cika layin. To a ƙauyukanmu wa ke yankar takardar mutuwa? Mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, a yi zaman makoki, a yi addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, liman da dattawa su raba gado. Ba wanda ya tuna da ofishin magajin gari, don ba fansho za a nema ba, ba kuɗin banki ba. Iyalin ma'aikacin gwamnati su ke gaggawar yin wannan takarda. Sai ya zama marayan da mahaifinsa ya bar albashi ya fi saurin tabbatar da maraicinsa a kan wanda mahaifinsa ya bar hauya da jaki. Yaro ya zo wa malaminsa da murya ƙasa-ƙasa: "Mushe, babana ya rasu ina CE2, duk gari an sani, amma ba mu da takarda." Gaskiya ya faɗa, sai dai fom ɗin ba shi da gurbin da za a rubuta ta.

Haka shaidar talauci take. Ana neman takardar albashin iyaye ko bayanin asusun banki. Ƙaramin ma'aikaci yana da abin nunawa. Manomin da ya samu dami 40 bana, bara 90, ko makiyayin da garkensa ya koma awaki shida, me zai buga wa hatimi? Nan ma wanda ya fi kowa cancanta shi ya fi kowa rashin hujja. Wasu jami'o'in da ke cikin shirin tallafin karatu na Mastercard Foundation sun gane haka, suna tura mutane har gidan ɗalibi su gani da idonsu. Tsada gare shi, amma shi ne daidai. A ƙauye maigari da liman da shugaban makaranta sun san gidan da ake kwana ba a ɗora tukunya ba, kuma in aka haɗa bakin ukunsu da wuya a yi ƙarya.

Maki ma sai an yi hattara da shi. Shirin Turkiyya na neman kashi 70 cikin 100, na likitanci 90. In aka juya 70 kai tsaye zuwa lissafinmu, 14 ke nan bisa 20. Wanda ya san bak irin ta tsarin Faransa ya san 10 ake nema a wuce, 12 abin a taya murna ne, 14 kuwa ƴan ƙalilan ke taka ta. A wasu ƙasashe 70 makin matsakaicin ɗalibi ne. Lamba ɗaya, nauyi biyu. Kuma 12 da aka samu a lise mai ƙarancin malaman lissafi da kimiyya, ba ɗakin gwaji, da fitilar salula ake bita, ba za a ɗora ta a sikeli ɗaya da 12 ta makarantar kuɗi a Yamai ba.

Sauran an san su. Ingilishi: jarrabawar TOEFL ko IELTS ta haura jika 100 na sefa, ban da kuɗin mota zuwa inda ake yin ta, alhali daga Maraɗi zuwa Yamai kaɗai ya fi kilomita 600. Kundin mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya sa Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki, amma ɗan lise na yau da Faransanci ya yi duk karatunsa. Intanet: fom mai shafi goma da ake cikawa a salula, rezo ya ɗauke ana tsakiyar tura hoto. Jerin ƙasashe: tallafin gidauniyar Aga Khan na karatun gaba da digiri, wanda rabinsa kyauta ne rabi bashi, ƙasashe ƙididdigaggu yake ɗauka, babu Nijar a ciki. Siyasa ma ta shigo, don bayan juyin mulkin Yuli 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza, ɗaliban da jami'o'i suka riga suka karɓa suka maƙale a gida.

Akwai kuma wani sharaɗi da ba a ɗauke shi sharaɗi ba. Ana so ka rubuta labarin kanka, ka nuna kai jagora ne, ka lissafa abin da ka yi wa al'umma. Mu kuwa an raine mu da cewa yabon kai jahilci ne. Bafulatanin da kunya ta hana ya faɗi sunan ɗansa na fari, ɗansa ne za a ce ya cika shafi biyu da "ni na yi, ni na kafa"? Yaron da tun yana shekara 12 yake kai garke mashaya shi kaɗai ya dawo da shi cif, ko yarinyar da ta riƙe ƙannenta huɗu lokacin da uwarsu ke jinya ba ta bar aji ba, ba su san wannan shi ne jagorancin da ake tambaya ba. Suna zaton sai mai takardar shaida daga wani kulob. Wannan gyaransa ba ya cin kuɗi, malami ɗaya da ya fahimci abin ya isa ya buɗe musu ido.

Ga ƴa mace igiyar ta fi gajarta. Binciken 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin su cika 18, a jihar Maraɗi kuwa 89. Wadda ta kai tarminal, ajin ƙarshe na lise, daga nan ta tsallake abin da ƙididdiga ta ce ba za ta tsallake ba, wata kuma ta kai ne da aure, har da goyo. In sanarwa ta ce kada mai nema ya kasance da wanda ke ƙarƙashin kulawarsa da zai raba masa hankali, ita aka cire, ko da ba da ita aka nufa ba. Wadda ba ta da aure kuma sai an shawo kan mahaifi ya yarda ta ƙetare teku. Tallafin da zai kai ta Maraɗi ko Yamai, da ɗakin kwana mai tsaro, ya fi kusa da abin da Baba zai sa wa albarka.

Sharuɗɗan nan mutane suka rubuta su, mutane kuma ke gyara su. Tallafin Rhodes na jami'ar Oxford, wanda ya fara a 1903 bisa wasiyyar Cecil Rhodes, maza kaɗai yake ɗauka har sai 1977. A 2017 aka buɗe wa Afirka ta Yamma gurbinta, har da Nijar. In wasiyyar mamaci ta gyaru, fom ɗin da wani kwamiti ya tsara bara ba zai gagara ba.

Yanzu a koma ga gwafa, don a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Manyan gidauniyoyi galibi ba sa miƙa wa ɗalibi kuɗi hannu da hannu. Jami'a ko ƙungiya suke ba, ita ta zaɓo. A Amurka dokar haraji ce ta ɗaure su: kafin gidauniya mai zaman kanta ta raba tallafin karatu ga ɗaiɗaikun mutane sai hukumar haraji ta amince da hanyar zaɓenta, in kuma ƙungiyar wata ƙasa za ta ba, sai ta tabbatar ƙungiyar daidai take da ta jinƙai a dokarsu, ko ta bi diddigin kuɗin da rahoto. Shirin Mastercard Foundation, da aka ƙaddamar a 2012 da dalar Amurka miliyan 500, haka yake tafiya. Ba Toronto, inda gidauniyar take, ake rubuta wa ba, jami'ar da ke cikin shirin ake nema, kowace da nata sharuɗɗa da nata wa'adi: Ashesi da KNUST a Ghana, Makerere a Uganda, da masu koyarwa da Faransanci irin 2iE a Wagadugu da Abomey-Calavi a Benin, har da ADU da Kader Kaneye da abokan aikinsa suka kafa a Yamai a 2017. Duk wanda ya ce ka turo masa jika biyar ya sa sunanka a jerin gidauniya, ɓarawo ne.

Ma'anar wannan ita ce garin da ba shi da gwafa a bakin rijiyar, ƴaƴansa sai dai su raɓa da ta wasu. Ƙungiyar ƴan asalin gari ko ta iyayen yara za ta iya zama wannan gwafa, amma ita ma ana auna tata igiyar: rajista bisa dokar ƙungiyoyi ta 1984, asusun banki da sunanta, rahoton kuɗi na shekara biyu ko uku da wani akanta na waje ya bincika, wani lokaci da Ingilishi. Ƙungiyar da ta san kowane yaro da sunan kakansa ba ta da waɗannan, wadda ke da su kuma ofishinta na babban birni, sai an yi mata kwatancen hanyar Dakoro. A nan ba zan ɗora wa baƙi laifi duka ba. Rajista da riƙe littafin kuɗi tsaf abu ne da muke iyawa. Ƴan kasuwar dabbobi na garin nan suna riƙe lissafin miliyoyi a ka.

An taɓa yin mai rijiyar da ya ajiye tasa igiya a bakin ruwa don baƙi. Daga 2001 zuwa 2013 gidauniyar Ford ta gudanar da wani shiri na karatun gaba da digiri a ƙasashe 22, da kuɗin farawa dala miliyan 280, ta ɗauki mutum sama da 4,300. A Afirka ta Yamma Najeriya da Ghana da Senegal ne suka shiga, mu ba mu samu ba, amma darasin namu ne. Shirin bai sa iyakar shekaru ba. Bai zauna jiran masu nema ba, ya bi su har lungunan da sanarwa ba ta saba kaiwa ba. Bai ce sai ka zo da Ingilishi da takardar karɓa daga jami'a ba. Sai da ya zaɓi mutum bisa ƙwazonsa da hidimarsa ga jama'a, sannan ya biya masa horon harshe da na kwamfuta, ya taya shi neman gurbi. Masu shakka sun ce an sassauta ma'auni, za a ga faɗuwa. Fiye da kashi 90 cikin 100 suka kammala, kusan rabinsu mata, kuma binciken da aka yi daga baya ya tarar fiye da 80 cikin 100 suna zaune a ƙasashensu.

Duk da haka kada hangen nesa ya sa mu manta da na kusa. Cikin ɗaliban Dakoro da suka ci bak, wanda zai hau jirgi ɗaya ne jefi-jefi. Mafi yawa burinsu kilomita kusan 120 ne, Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, wadda ta tsaya da ƙafarta a 2010, ko ta Abdou Moumouni a Yamai, ko Damagaram, ko Tawa. Abin da ke kayar da su ba shi da yawa a idon mai hali: kuɗin rajista, kuɗin mota, katifa, hayar ɗaki in ba a samu gado a makaranta ba, da abincin watannin farko kafin kuɗin ANAB ya fito, ga wanda ya samu ke nan. Jinkirin wannan kuɗi tsohon ciwo ne, shi ke yawan fito da ƙungiyar ɗalibai ta USN kan titi. A waɗannan watanni ne yaro ke cewa bari ya je Libiya ko wurin haƙar zinariya na Jado ya tara abin karatu ya dawo, kuma ba kasafai ake dawowa aji ba.

Wannan giɓi ba sai an jira Toronto ko Tokyo ba. Ƴan asalin Dakoro da ke aiki a Yamai da Maraɗi, da fataken dabbobi, da masu fitar da zakka, za su iya kafa asusun da zai riƙe yaro wata shida na farko. In za su yi, su rubuta sharuɗɗansu a fili a karanta a rediyo da Hausa da Fulatanci da Tamashek, don kada abin ya koma na ƴaƴan masu asusun. Takardar bak, shaidar rajista a jami'a, da bakin mutum uku na garinsu a kan halin gidansu. Ban da iyakar shekaru, ban da tambayar ko tana da aure. Wanda ya gama ya samu aiki ya ɗauki nauyin wani.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan lise, kuma lokaci ne ke hukunta shi. Shirin Turkiyya tsakanin Janairu da Fabrairu yake karɓar dosiye, wasu da dama suna rufewa kafin nan, alhali sakamakon bak sai damina ta yi nisa yake fitowa. Wanda ya jira sakamako kafin ya fara tambaya ya rasa shekara guda, shekarar kuma ta hau kan shekarunsa. Don haka tun daga ajin farko na lise, a watan Oktoba da ake komawa makaranta, ya kamata malami ɗaya ya zauna da takardun kowane ɗalibi: sunan ya dace a ko'ina, akwai shaidar zama ɗan ƙasa, wanda ya rasa uba ko uwa yana da takardar rasuwa. Alƙalai kan fita ƙauyuka lokaci-lokaci su yi zaman ba da takardun haihuwa ga waɗanda wa'adi ya wuce. Magajin gari da shugaban lise za su iya roƙon a yi irin wannan zama a harabar makarantar kanta, a haɗa da takardun rasuwa da gyaran suna, a gama kafin hutun Disamba.